Kulocin Hilux yana komawa laushi bayan tansim sau uku: ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina tuƙa Hilux mai giyar hannu, ina ɗauko kayan lambu daga Ɗa'ifa zuwa Jidda. Wata biyu ke nan kuloci yana ba ni wahala. Da safe lafiya lau, amma da mota ta ɗau zafi, musamman a cikin zahma, wato cunkoson motoci, sai fedar ta yi laushi, giya ɗaya da ribas su ƙi shiga sai da ƙara. Wani lokaci ina tsaye a danja, ƙafata tana kan kuloci, sai in ji motar tana neman tafiya da kanta. Na canza silindar ƙasa, an yi mini tansim, wato fitar da iska daga layin man kuloci, sau uku, kowane karo sai ya yi kyau kwana biyu ya sake dawowa. Man da ke cikin kofin kulocin ba ya raguwa sosai, amma ya yi baƙi. Yanzu an ce mini sai an sauke giyabos. Ina neman shawara.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya sa albarka a nema, ya kiyaye hanya. Kada ka yarda a sauke giyabos tukuna. Kusan duk alamomin da ka lissafa wuri ɗaya suke nunawa, kuma wurin yana daidai gaban gwiwarka ta hagu. Ina zargin silindar sama, wadda mu bakanikai muke ce wa masta, masu sayar da kayan gyara a nan kuma suke kira ilbar kuloci ta sama. Akwai gwajin da za ka yi da kanka ka tabbatar, ko riyal ɗaya ba za ka kashe ba, kuma gara ka yi shi kafin ka shiga sana'iyya, unguwar bakanikai, don ka je da saninka.

Bari mu fara da hanyar da ƙarfin ƙafarka yake bi. Idan ka taka feda, tana tura wata siririyar sandar ƙarfe, sandar ta tura fistin a cikin masta. A jikin fistin ɗin akwai robobi, su ne suke tare man birki su kora shi cikin bututun ƙarfe, ya bi ta wani gajeren tiyo, ya sauka silindar ƙasa da ke ɗaure a jikin giyabos. Fistin na ƙasa ya tura tasa sandar, ita kuma ta tura ƙarfen nan mai baki biyu da muke ce wa fok, fok ya danna boris a kan yatsun faranti mai matsewa, sai farantin kuloci ya saki, inji ya rabu da giya. Duk tsawon takun da kake yi a sama, idan ya iso ƙasa bai fi kamar faɗin yatsa ba. Shi ya sa ƙaramin abu yake lalata aikin. Mai ba ya matsuwa, abin da ka tura a sama shi zai fita a ƙasa. Iska kuwa tana matsuwa kamar soso. Idan ƙwaya biyu ko uku na iska suka zauna a layin, rabin takunka a kan matse su zai ƙare, sandar ƙasa ba za ta kai inda ya kamata ba, farantin ya ci gaba da goga, giya ta ƙi shiga.

Ga abin da nake so ka riƙe. Layin nan a rufe yake, iska ba ta da ƙafar shiga da kanta. Ko dai mai ya yi ƙasa a kofi har masta ta zuƙi iska, ko wani ya kwance bututu, ko roba ta cinye tana jan iska ta baya, ko kuma man ya tsufa ya sha ruwa har yana tafasa ya zama tururi idan ya yi zafi. Tansim na farko bayan canza silinda dole ne, domin an buɗe layi. Na biyu ana iya cewa na farkon bai fita sarai ba. Da aka kai na uku kuwa, ya kamata wanda yake riƙe da sifana ya ajiye ta ya tambayi kansa ta wace ƙofa abin yake dawowa. Ina jin ciwon wannan ƙwarai, domin na sha ganin direbobi suna zuba kuɗin gumi a tansim bayan tansim, daga ƙarshe a sauke musu giya a sa faranti sabo, su fita, kwana biyu su dawo da cutar da suka zo da ita.

Gwajin farko shi ne wanda motarka ta riga ta yi maka a danja. Ka sake shi da gangan. Nemi fili wanda babu kowa a gabanka, bayan mota ta yi zafi sosai. Ja hambirki, taka kuloci har ƙasa, sa giya ɗaya, ka riƙe ƙafarka a nan kada ka motsa, ɗaya ƙafar tana kusa da birki. Ka ƙirga a hankali har sittin. Idan masta lafiyayya ce, ko minti biyar ka yi babu abin da zai canza. Idan robar cikinta ta mutu, man da ka matse zai riƙa sulalewa ta gefen robar yana komawa bayan fistin zuwa kofi. Ƙafarka tana ƙasa amma a can ƙarƙashi sandar tana ja da baya a hankali, kuloci yana kamawa, sai ka ji ƙarar inji ta sauka, mota ta fara ja, ko giyar ta ƙi fita daga ɗaya. Wannan yoyo ne na cikin gida, shi ya sa kofinka ba ya raguwa kuma ba ka ga ɗigo a ƙasa ba. Baƙin da man ya yi kuma yawanci garin robar ne da take gogewa, haɗe da dattin jikin silinda.

Za ka iya ganin abin da idonka ma. Kashe mota, sa wani ya taka feda ya riƙe, kai kuma ka leƙa da tocila inda silindar ƙasa take. Sandar za ta fito ta tura fok. Ka zuba mata ido. Idan ta tsaya cak, layin yana riƙe matsi. Idan ka ga tana komawa sannu-sannu alhali mutuminka bai ɗaga ƙafa ba, kuma babu mai da ke zuba a ko'ina, to masta ce, babu ja. Yayin da kake ƙarƙashin, ja robar ƙura da ke bakin silindar ƙasa ka duba cikinta. Sabuwa ce, na sani, amma sabon kaya ma yana zuwa da aibi. Idan ka ga jiƙa a ciki, tana yoyo. Ka dubi wajen notin fitar da iska kuma: dole ya kasance shi ne a sama, bututun da ke kawo mai yana ƙasa da shi ko a gefe. Na taɓa karɓar bas ɗin da aka sa wa silindar wata mota daban, ramukan noti sun yi daidai amma wurin fitar iskar ya koma ƙasa. Kwana uku ana tansim, iskar tana zaune a saman silinda inda babu mafita.

Sai tiyo. Sa mutuminka ya riƙa takawa yana saki, kai kuma ka kama tiyon da hannu. Tsohon tiyo yana kumbura a wani wuri idan matsi ya zo, kuma wannan kumburin yana cinye taku kamar yadda iska take yi, musamman idan zafi ya tausasa shi. Idan ka ji yana numfashi a tafin hannunka, ko ka ga tsage-tsage a jikinsa, ya tafi tare da mastar.

Daga nan koma cikin mota, ka kwanta ka sa kai ƙarƙashin sitiyari da tocila. Bi sandar da ta tashi daga feda ta shige jikin mota. Taɓa inda ta shiga. Idan akwai danshi, ko fenti ya kumbura ya ɓare a wurin, ko kafet ya jiƙe da abu mai santsi, robar baya ta masta tana zuba. Wannan robar ce ke jan iska: duk lokacin da ka saki feda da sauri fistin yana komawa da gudu, kuma idan robar ta saki jiki sai ta tsotso iska kaɗan daga waje. Yau kaɗan, gobe kaɗan, a zahmar Jidda inda za ka taka kuloci sau ɗaruruwa kafin ka isa kasuwa, kwana biyu ya isa ta taru. Ka ga dalilin da tansim yake yi maka kyau na ɗan lokaci ke nan. Tun da kana nan ƙasa, kama fedar ka girgiza, ka duba ƙusar da ta haɗa ta da sandar. Idan ramin ya buɗe ya zama kamar ƙwai, ko ƙarfen da ke riƙe da fedar ya tsage, nan ma taku yana ɓacewa, kuma babu man da zai gyara wannan.

Yaushe ne maganar sauke giyabos take zama gaskiya? Idan kuloci yana suɓucewa, wato kana hawan tudu da kaya ka ba ta wuta, inji ya yi kuka amma gudu bai ƙaru ba, har ka ji ƙaurin ƙuna, wannan faranti ne ya cinye ko mai ya taɓa shi, kuma iska ba ta kawo shi. Idan da ka taka feda sai ka ji ƙugi ko kuka, ka saki ya ɗauke, boris ne. Idan sandar ƙasa tana fita cikakkiya, tana tsayawa daram, amma duk da haka giya ba ta shiga sai ka kashe inji, to ciki ne: fok ya lanƙwashe ko ya tsage, faranti ya karkace, ko ya yi tsatsa ya manne. Irin wannan mannewar mun ga ta da yawa bayan ambaliyar Jidda ta Nuwamban 2009, a motocin da ruwa ya shiga suka daɗe a ajiye. Kai ba ka ambaci ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Matsalar ciki ba ta warkewa kwana biyu don an yi tansim, kuma yawanci ba ta barin mota ta yi lafiya da safe. Ƙarar da ribas yake yi maka kada ta tsorata ka. A motoci da yawa ribas ba shi da zoben da ke daidaita gudu kafin haƙora su haɗu, saboda haka shi ne yake fara kai ƙara idan kuloci bai saki sarai ba.

Yanzu maganar mai, wadda a nan gaɓar teku ta fi ƙarfin a wuce ta da sauri. Man birki ne ake zubawa a kuloci, kuma irin da aka fi amfani da shi, DOT 3 da DOT 4, yana shan ruwa daga iska. Haka halittarsa take. Sabon DOT 3 ba ya tafasa ƙasa da digiri 205, sabon DOT 4 kuma 230. Amma idan suka sha ruwa kimanin kashi 3.7 cikin ɗari, ma'aunin da ake gwada su da shi ke nan, na farko yana iya saukowa zuwa 140, na biyu 155. Ruwan nan kuma yana cin cikin silinda, ya yi mata ƙananan ramuka, ramukan su riƙa yankar roba. Wanda ya san raɓar Jidda, yadda za ka fito da asuba ka tarar da gilashi ya jiƙe sharkaf ba a yi ruwa ba, ya san motar da ke kwana a nan ba ɗaya take da ta Riyad ba. Ni shawarata ga duk mai mota a Jidda, ya zubar da man kuloci da na birki duk shekara biyu, mai motar haya ko ta kaya ma kada ya kai haka idan ya ga launi ya juya. Mutane suna tuna birki su manta kuloci, sai ka buɗe kofin motar da ta shekara goma ka tarar da abu kamar baƙin shayi.

Ka duba murfin kofin, an rubuta irin man da motar take so. DOT 3 da DOT 4 da DOT 5.1 dangi ɗaya ne, suna haɗuwa idan ta kama dole. DOT 5 kuwa, mai lamba biyar zalla, na silikon ne, kada ya shiga. Abin da ya fi shi muni shi ne man inji, man sitiyari ko man giyar otomatik. Ko cokali ɗaya ya shiga, robobin za su kumbura su yi laushi, sai dai a canza masta da silindar ƙasa da tiyo gaba ɗaya a wanke bututu. Ka sayi ƙaramar gora a rufe da hatiminta. Wadda aka buɗe aka bari a kan kanta wata da watanni ta riga ta sha ruwa. Kuma man nan yana cin fenti. Inda ya zuba, bi shi da ruwa nan take.

Idan gwaji ya tabbatar masta ce, ni na fi son a canza ta ɗungurungum. Ana sayar da robobin daban, kuma suna aiki idan cikin silindar sumul yake. Amma motar da manta ya yi baƙi haka, da wuya ka tarar da cikin babu zane, kuma sabuwar roba a cikin silinda mai zane ba ta daɗewa. Ta tashlih kuma, wato inda ake sayar da kayan tsofaffin motocin da aka wargaza, ban ba ka shawara ba. Tashlih wurin ƙofa ne da fitila da kujera. Abin da rayuwarsa roba ce, kuma ya shekara yana shan rana babu mai a cikinsa, ba ka san me ka saya ba. Je da lambar shasi, ko ka cire tsohuwar ka riƙe ta a hannu, domin faɗin fistin yana bambanta tsakanin ƙira da ƙira. Idan aka ba ka masta mai ƙaramin fistin, fedar za ta yi daɗin taku amma ba za ta tura isasshen mai ba, ka koma gidan jiya.

Kafin a ɗaura sabuwar, a cika ta a hannu. Ɗaure ta a bayis, wato ƙarfen matse kaya na kan benci, a kwance daidai, zuba mai, toshe bakin fitar da yatsa, tura fistin a hankali kana ɗan sassauta yatsan, sannan ka toshe sosai kafin ka bar fistin ya dawo. Sau biyar ko shida za ka ga mai ya fara fitowa babu kumfa. Mintuna kaɗan ne, amma suna rage rabin wahalar da ke gaba, domin busasshiyar masta takan ƙi kama mai ko an yi ta takawa.

Akwai saiti ɗaya da yawancin yaran gareji suke tsallakewa. A cikin masta akwai ɗan ƙaramin rami da yake haɗa silinda da kofi, kuma yana buɗewa ne kawai idan fistin ya koma gidansa gaba ɗaya. Ta nan mai yake komawa idan ya yi zafi ya kumbura, ta nan kuma iska take haurawa ta fita. Wasu idan suka ga feda tana kamawa a ƙasa sai su tsawaita sandar feda don a ji ta yi tauri. Idan sandar ta yi tsawo, fistin ba zai dawo sarai ba, ramin ya toshe, matsi ya zauna a layi. Sakamakon shi ne tansim ya ƙi yiwuwa, sannan idan mota ta yi zafi kuloci ya fara suɓucewa da kansa, boris yana ta juyawa ba hutu har ya ƙone. A irin waɗannan motocin na Toyota ana barin wasa kaɗan, milimita 1 zuwa 5 a kan feda kafin sandar ta taɓa fistin, jimillar wasan fedar kuma kamar 5 zuwa 15 kafin ka ji nauyi. Danna da yatsa za ka ji shi.

To, ga tansim ɗin kansa. Kana buƙatar sabon mai, siririn tiyo mai haske wanda zai kama bakin notin sosai, gorar ruwa wadda babu komai a ciki, sifana mai zobe, galibi lamba 8 ko 10, da mutum ɗaya mai haƙuri wanda yake jin magana. Idan za ka ɗaga motar, kada ka shiga ƙarƙashinta a kan jak kaɗai. Sa mata abin tokare, ka sa dutse a taya. Hilux ma tana da tsayi, sau da yawa ba sai an ɗaga ba. Bari salansa, wato bututun hayaƙi, ya huce.

Zuƙe tsohon man kofi da sirinji, goge baƙin da ya kwanta a gindi da tsumma mai tsabta wanda ba ya zubar da zare, cika da sabo. Goge notin fitar da iska, sa zoben sifana a kansa tukuna, sannan ka cusa tiyo. Ɗaya bakin tiyon ya nutse a cikin ɗan mai a gindin gorar. Idan notin ya ƙi motsi kada ka yi masa ƙarfi, rami ne a tsakiyarsa, karyewa yake yi; fesa masa maganin tsatsa, ɗan ƙwanƙwasa shi, ka jira.

Mutuminka ya taka feda a hankali sau uku, a na ƙarshe ya riƙe a ƙasa ya ce maka ya riƙe. Kai ka buɗe noti kamar kwatan zagaye. Mai da kumfa za su fito, sandar silindar ta koma. Rufe noti. Sai bayan ka rufe za ka ce masa ya saki. Duk sirrin aikin yana nan: idan ya ɗaga ƙafa noti yana buɗe, abin da ka fitar ya koma. Kada ku yi mamaki idan fedar ta zauna a ƙasa ta ƙi tasowa, a motoci da yawa sifirin ɗinta haka yake, ya ɗago ta da hannu a hankali har ƙarshe, ya ɗan dakata daƙiƙa biyu ko uku don masta ta sake cika. Kuma a hana shi bugun feda da sauri kamar mai ba taya iska. Bugun gaggawa yana farfasa manyan ƙwayoyin iska su zama kumfa mai laushi da ke gauraye da mai, wadda sai ta kwanta kafin ta fita.

Kofin kuloci ƙarami ne ƙwarai. Duk bayan buɗewa uku ko huɗu, tashi ka duba ka ƙara. Idan ya ƙafe sau ɗaya, aiki ya koma farko. Idan kuma motarka irin wadda kuloci da birki suke shan kofi ɗaya ce, ka lura: bakin da ke ba kuloci mai yana sama da na birki, an yi haka ne don yoyon kuloci kada ya kashe birki. Saboda haka za ka iya ganin mai a kofi alhali ɓangaren kuloci ya riga ya zuƙi iska. Riƙe shi a cike har layin sama duk tsawon aikin.

Ci gaba har sai abin da ke bi ta tiyo ya zama mai haske kamar wanda ka zuba, babu ƙwayar iska ko ɗaya. Kafin ka rufe na ƙarshe, ga abin da nake yi wanda yake fitar da ragowar da ke ɓuya: buɗe noti, ka tura sandar silindar ƙasa da hannu har ta shige ciki gaba ɗaya, ka rufe noti kana danne da ita a ciki, sannan ka saki. Iskar da ke maƙale a bayan fistin ta nan take fita. Bayan haka a taka feda a hankali sau da yawa don fistin ya koma mazauninsa. Ɗaurin noti kuma na hankali ne, ya zauna kawai ya ɗan ƙara. Gargaɗi ɗaya: idan silindar ƙasa tana kwance daga jikin giyabos tana lilo, kada kowa ya taɓa feda, fistin zai yi tsalle ya fito, mai ya watse maka a fuska.

Wani lokaci za ka yi duk wannan fedar ta ƙi tauri. Dalili shi ne layin kuloci kusan a tsaye yake, iska tana son hawa sama, kai kuma kana korar ta ƙasa; kafin taku na gaba ta sake haurawa. A nan sai a bi ta yadda take so. Rage man kofi zuwa rabi, cika babban sirinji da sabon mai, fitar da iskar cikinsa da ta tiyon, haɗa shi da notin ƙasa, buɗe, ka tura a hankali. Feda tana sama, kada a taɓa ta. Wanda ke tsaye wajen kofi zai ga kumfa tana ɓullowa, ya riƙa rage man kada ya malala. Da kumfa ta ƙare, rufe noti kana kan turawa. Wannan hanyar ita nake fara bi a duk motar da aka canza wa masta, amma sai bayan an wanke layin, don kada a tura tsohon datti cikin sabuwar masta. Idan kai kaɗai ne kuma babu sirinji, buɗe murfin kofi da notin ƙasa ka bar mai ya riƙa ɗiga da nauyinsa kana ƙarawa; yana ɗaukar lokaci amma yana kama layi.

Ga masu ƙananan motoci na zamani da za su karanta wannan: da yawansu silindar ƙasa tana cikin giyabos, haɗe da boris. Idan ta yi yoyo za ka ga man birki yana ɗiga daga mahaɗar inji da giya, kuma a nan kam babu makawa sai an sauke. Manyan motoci irin su Isuzu da Fuso kuma suna da abin taimako mai aiki da iskar tanki, taurin fedarsu sau da yawa daga can yake.

Idan an gama, gwada kafin ka biya. Inji yana aiki, taka kuloci, ƙirga uku, sa ribas: ya shiga shiru. Saki feda a hankali ka ji inda take kamawa. Ya kamata ta tashi daga ƙasa da kamar yatsu biyu ko fiye kafin mota ta motsa. Sannan ka zagaya har mota ta yi zafi, ka sake gwajin riƙe feda na minti ɗaya. Washegari da safe duba kofi, ka shafa bayan feda da bakin silindar ƙasa da farin tsumma.

Ina roƙonka abu ɗaya kafin nan. Kada ka sake saukowa daga Ɗa'ifa da kaya a wannan halin. Garin yana sama da mita 1,800, kuma gangaren nan da giya ake sauka, inji yana riƙe mota. Idan kuloci ya ƙi saki a tsakiyar kwana, ka fita daga giya uku ka kasa shiga biyu, mota tana firi da lodin tumatir a baya, birki kaɗai ya rage maka, shi ma da tsohon mai irin wanda ka gani a kofin kuloci. Ka sa a duba man birkin ranar da za a yi wannan aikin. Idan kuma ka yi gwajin riƙe feda motar ba ta ja ba, sandar ƙasa ma ba ta koma ba, sake rubuto mini ka faɗi shekarar motar, ko dizal ce ko fetur, da kimanin tsawon da sandar take fita idan an taka, sai mu duba ɓangaren fok.